Wasiƙa zuwa ga Alhajin Zango

Assalamu alaikum, mutumina,

Ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Shirun naka ya yi yawa. Ko cinikin goro ne ya buɗe har ka manta da talakawan Kano? Ni dai ba zan jira wasiƙarka ba, don akwai maganar da ke cina.

An tura mu wani horo, mu malaman makaranta da limamai da masu kemis, kan yadda ake gane mai tunanin kashe kansa da abin da za a yi masa kafin a kai ga likita. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta koyar da mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara, kuma akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu suke. Mu kuwa nan sai mu ce abin Turawa ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambaya. Idan ka ga mutum ya ƙaurace wa majalisa, ba ci ba barci, yana rabar da kayansa, yana neman gafarar jama'a ba gaira ba dalili, ko yana cewa ya zame wa kowa nauyi gara ya huta, to ka keɓe da shi ka tambaye shi ƙarara: "Kana tunanin kashe kanka ne?" Wani liman ya miƙe ya ce ai wannan cusa masa ra'ayin ne. Ta ce bincike bai nuna haka ba, sau da yawa ma sauƙi mutum ke ji da ya samu wanda ya lura da shi. Aka haɗa mu bibbiyu muna gwadawa. Wallahi dattawa masu furfura sai ga harshe ya yi musu nauyi.

In ya amsa, sai ka saurara. Kada ka tare shi da "haramun ne, wuta za ka shiga." Ya sani, tun yana allo ya sani. Ciwo ne ya danne shi, kuma wa'azi a wannan gaɓar rufe masa baki yake yi. Nasiha da addu'a suna nan zuwa, amma tare da asibiti. Kada ka yi masa alkawarin rufa asiri, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kawar da fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari daga gidan. Kada ka raina wannan: da Sri Lanka ta hana sayar da mafi haɗarinsu, mace-macen sun ragu ƙwarai. Daga nan ka raka shi asibitin ƙwaƙwalwa da ƙafarka, mu nan Dawanau, 'yan Kaduna kuma Barnawa.

Yaron nan na bayan layinku yana ta faɗo mini a rai, Allah Ya jiƙansa. Ka tuna yadda ya bi gida-gida yana sallama?

Af, autan Baba ya sayar da babur ɗin nan da ka sha turawa, wai zai kama kiwon kaji. An kuma sa bikin ƙanwarka bayan babbar salla, kada ka ce ba a faɗa maka ba.

Ku a Ghana kun riga mu, tun 2023 kuka cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka. Mu an sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin ta 1958, amma sashe na 231 na Penal Code, wato kundin hukunta laifuka na Arewa, laifi ya ɗauki yunƙurin. Wace uwa ce za ta kai ɗanta asibiti tana tsoron 'yan sanda?

Don Allah ka kai maganar gaban kwamitin masallacinku, ku nemi ma'aikacin lafiya ya koya wa ko da limamai da shugabannin matasa ne. Zan turo maka takardun da aka raba mana ta WhatsApp.

Ka gaida Hajiya, ka ce mata maman yara na jiran atamfar da ta yi alkawari.

Naka har kullum,
Malam