Godiya ga sashen kula da masu sankarar mama da ya ba ni damar zaɓa da kaina

Assalamu alaikum.

Na rubuta wannan wasiƙa a fili ne domin in gode wa ma'aikatan sashen kula da masu sankarar mama na asibitin da aka yi mini aiki, tun daga likitar da ta riƙe wuƙa har matar da ke goge ɗakinmu da asuba. Ba zan kama sunan kowa ba, don ban nemi izininsu ba, amma duk wanda ya karanta a cikinsu zai gane kansa. Yau wata huɗu ke nan da aka cire mini nonuwa duka biyu, kuma sai yanzu na samu natsuwar zama in faɗi abin da ke raina.

Kafin Allah ya haɗa ni da su, na sha wuya a hannun wasu. Ina wanka na ji ɗan ƙullutu a nonon hagu, ta wajen hammata, mai tauri, ba ya zafi ko kaɗan. Wurin da na fara zuwa, likitan ko taɓa wurin bai yi ba. Ya tambayi shekaruna, na ce 39, ya ce ai ban kai shekarun wannan ciwo ba, ya rubuta mini maganin kumburi ya ce in dawo in ya fara ciwo. Na yarda da shi, don abin da nake so in ji ke nan. Wata uku na ɓata a kan wannan magana, alhali ƙullutun daji sau da yawa ba ya ciwo a farkonsa. Da na ga yana ƙara girma sai na canza asibiti. Can aka ɗauki hoto, aka sa allura aka ciri ɗan nama don gwaji. Sakamakon ya ɓace sau ɗaya, sai da na yi sawu uku kafin a gano shi. Ranar da aka faɗa mini, a tsaye nake a bakin ƙofa, marasa lafiya na zaune a kan benci suna jin komai. Likitan ya ɗaga takardar ya ce, "Daji ne, sai an cire." Na ce, "Likita, babu wata hanya?" Ya ce, "Ke ce likitan ko ni?" Ya rubuta ranar tiyata ya kira na gaba. Har yau in na tuna idanun mutanen nan a kaina sai zuciyata ta yi nauyi.

Ƙanwata ce ta nace sai mun nemi ra'ayin wani likita. Na je ne don kada ta ce na ƙi, ba don ina sa ran komai ba.

Wadda ta fara karɓata wata nas ce, matashiya, da kowa ke kira Sista. Ta shigar da ni ɗaki, ta rufe ƙofa, ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, sannan ta ce, "Anti, kafin mu buɗe fayil, faɗa mini abin da aka gaya miki, da abin da kika fahimta." Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Tun da aka fara wannan tafiya, babu wanda ya tambaye ni me na fahimta. Ba ta ce in yi shiru ba, ba ta kuma leƙa agogo ba. Da na lafa sai ta ɗauko farar takarda ta zana nono, ta zana inda ƙullutun yake, ta zana kaluluwar hammata, ta ce nan ne ciwon ke fara bi in zai yaɗu, shi ya sa ake duba su. Takardar nan tana cikin jakata har yanzu, duk ta tsufa don ninki.

Likitar tiyata ita ce ta buɗe mini ido. Ta ce ga mace mai ƙullutu irin nawa akwai hanya biyu: a cire ƙullutun da ɗan naman da ke kewaye da shi a bi da gashi, wato a haska wurin da na'ura don ƙone ragowar ciwon, ko a cire nonon gaba ɗaya, kuma a ciwon da bai yi nisa ba tsawon rai ɗaya ne a hanyoyin biyu. Daga baya na karanta cewa wannan ba sabon ilmi ba ne. Tun ƙarshen ƙarni na 19 likitoci ke bin tsarin William Halsted na Amurka, a kwashe nono da tsokar ƙirji da kaluluwa baki ɗaya, har sai da binciken Bernard Fisher a Amurka da na Umberto Veronesi a Italiya, a shekarun 1970 da 1980, ya nuna cewa ƙaramar tiyata tare da gashi tana ceton rai daidai da babbar. Abin da duniya ta sani shekara arba'in, ni an tsayar da ni a bakin ƙofa an hana ni jinsa. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Sai kuma likitar ta tambaye ni tarihin gidanmu, tambayar da ba a taɓa yi mini ba. Mahaifiyata ta yi sankarar mama tana da shekara arba'in da 'yan kai, ƙanwarta kuma dajin ƙwan haihuwa ne ajalinta. Likitar ta ajiye biro ta ce lalle a gwada jinina. An fara mini da kimo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji, don a rage ƙarfin ciwon kafin wuƙa, ina tsakiyarsa sakamakon ya fito: ina ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar gado ta BRCA1. Nan lissafi ya canza. Ta ce mace mai wannan ƙwaya da daji ya kama mata nono ɗaya, haɗarin ya sake ɓulla a ɗayan ya kai kusan kashi 40 cikin 100 a cikin shekara 20, cire shi kuma yana rage wannan haɗari da kashi 90 cikin 100 ko fiye. Amma ba ta tsaya a nan ba, kuma abin da ya sa na amince da ita ke nan. Ta ce cirewa ba ta mayar da haɗarin babu, don ba a iya kwashe naman nono ƙarƙaf. Ta ce ba ta maye gurbin sauran magani. Ta ce da ba ni da wannan ƙwaya da ba ta ba ni shawarar taɓa lafiyayyen nono ba, domin ga yawancin mata hakan ba ya ƙara tsawon rai, sai dai ya ƙara rauni da jinya. Ta kuma ce in ban yarda ba akwai hanyar sa ido, a riƙa ɗaukar hoto duk shekara, kuma ba za ta canza mini fuska ba.

Ƙanwata ta turo mini labarin Angelina Jolie, 'yar fim ɗin Amurka, wadda ta bayyana a 2013 cewa an cire mata nonuwa biyu saboda wannan ƙwayar. Na nuna wa Sista. Ta ce, "Anti, ita ba ta da ciwon lokacin, rigakafi ta yi. Naki daban ne. Kada ki auna jikinki da na kowa." Sau uku ina komawa da tambayoyi iri ɗaya, sau ukun tana amsawa kamar ranar farko. Da maigidana ya rako ni, ta gaishe shi da girmamawa, ta amsa duk abin da ya tambaya, amma in aka zo kan zaɓi sai ta juyo ta kalle ni. Na yi addu'a, na yi shawara, na yi dare da yawa ban runtsa ba. Abin da na kasa ɗauka shi ne zaman jiran sakamakon hoto kowace shekara, bayan na ga yadda mahaifiyata ta ƙare. Na ce a cire duka biyun. Wata ta ji duk wannan bayani ta zaɓi akasin haka, kuma ba zan ce ta yi kuskure ba.

Maganar sake gina nono ma ba su ɓoye mini komai ba. An miƙo mini robar silikon na riƙe a hannu, an bayyana mini yadda ake ɗebo fata da kitse daga mara a gina da su, da cewa wannan aikin ya fi tsawo kuma jinyarsa ta fi nauyi. An nuna mini hotunan tabon matan da suka ba da izini. Na zaɓi a ɗinke ƙirjin a shafe. Likitar ta tambaye ni sau ɗaya ko na tabbata, sannan ta yi alkawarin za ta ɗinke shi sumul, ba za ta bar tarin fata a gefe ba. Ta cika alkawari.

Inda Sista ta fi yi mini rana shi ne shirin tiyatar. Mako biyu kafin ranar ta zaunar da ni da ƙanwata ta ɗauko robar da ake sa wa a jiki don tsane ruwan rauni, siririn tiyo mai ɗan ƙoƙon roba a ƙarshensa. Ta sa muka matse shi muka buɗe da hannunmu, ta koya mana zubar da ruwan da rubuta yawansa kullum, ta ce sai ya ragu zuwa wajen mililita 30 a rana ake cirewa. Ta ce in nemi riguna masu maɓalli a gaba, don ba zan iya ɗaga hannu in zura riga ta kai ba, in kuma sa a ɗinka musu aljihu ta ciki inda robar za ta zauna kada ta yi ta reto tana jan fata. Ta ce in sauko da duk abin da nake amfani da shi daga saman kanta zuwa daidai ƙugu, in tara matasai don a rigingine zan riƙa kwana, in koyi tashi daga gado ba tare da dogara da hannu ba, in riƙe ƙaramin matashi na sa tsakanin ƙirji da bel ɗin mota ranar komawa gida. Ta gargaɗe ni cewa shuɗin ruwan da ake sa wa don gano kaluluwar da ciwon ke fara isa gare ta zai iya canza launin fitsarina kwana ɗaya ko biyu, kada in firgita. Sai ta faɗi wanda ya fi wuyar ji: fatar ƙirjin za ta mace, ba zan riƙa jin taɓi kamar da ba, kuma mai yiwuwa har abada. Haka ya kasance. In 'yata ta rungume ni ina jin nauyinta, ba na jin ɗuminta a wurin. Yana yi mini ciwo, amma da yake an faɗa mini tun da wuri ban ji an yaudare ni ba.

Daren da za a wayi gari a shiga da ni Sista ta kira ni a waya, ba aikinta ba ne, ta tuna mini lokacin daina ci da sha, ta ce, "Anti, kina tare da mu, Allah ya sa a yi a sa'a." Da safe, kafin likita ta zana layi a jikina, ta tambaye ni ko ina so a bar ni ni kaɗai na ɗan lokaci. Ta ja labule ta fita. Mintocin nan na yi bankwana da jikin da na shayar da 'ya'yana da shi.

Aikin ya tafi lafiya, kwana biyu aka sallame ni, aka cire robobin a rana ta 12. Abin da zan ƙara kawai shi ne ranar buɗe bandeji. Sista ta riƙe madubi a kife ta ce, "Yau ko sai wani zuwan?" Na ce yau. Ta tsaya a gefena har na gama kallo.

Abin da ke damuna yanzu shi ne matan da nake haɗuwa da su a ɗakin jira, waɗanda aka yi wa aiki a wasu wurare aka turo su nan. Akwai wadda hannunta ya kumbura suntum saboda an kwashe mata kaluluwa, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata hakan na iya faruwa, balle a koya mata motsa hannu ko kiyaye shi daga rauni. Akwai wadda ta sa hannu a takardar amincewa ba a karanta mata ba, ta farka ta tarar an yi abin da ba ta zata ba. Akwai wadda ta gudu shekara guda don an ce mata wuƙa na sa daji ya watsu, kuma likitan da ta tambaya tsawa ya daka mata maimakon bayani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata kimanin miliyan 2.3 aka samu da wannan ciwo, kimanin 670,000 suka rasu. Ana yawan ɗora wa mata laifin zuwa a makare, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ni na je da wuri aka kore ni da maganin kumburi. Macen da aka wulaƙanta a zuwan farko, da wace zuciya za ta koma? Na san ma'aikatan lafiya na fama da yawan aiki da ƙarancin hannu, ban raina gajiyarsu ba. Sai dai sashen nan da nake yabo shi ma cike yake maƙil, Sista na yini a tsaye, kuma ban taɓa ganin an faɗa wa wata sakamakonta a gaban jama'a ba.

Tafiyata da ku ba ta ƙare ba. Wata mai zuwa za mu zauna kan maganar ƙwan haihuwa, don ƙwayar BRCA1 na ƙara haɗari a can ma. Ƙanwata ta ba da jininta tana jiran sakamako. 'Ya'yana, mace da namiji, kowannensu na da damar rabi da rabi ta gadon ƙwayar, kuma kun ce a bari su girma su yanke wa kansu. Likita, Sista, likitan allurar barci da ya riƙa yi mini hira har na ɓingire, mai koya mana tattaka bango da yatsu har hannu ya miƙe, Allah ya saka muku da alheri, ya ji ƙan iyayenku, ya raya muku zuri'a. Sista, rigunan nan uku masu aljihu na wanke su na goge, zan kawo miki ranar da zan zo ganin likita, ki ba wadda za a shiga da ita a gaba.

Taku,
Wata majinyaciyarku