Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ƙwadago na Saudiyya, Injiniya Ahmad Al-Rajhi

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni uba ne daga cikin Hausawan Makka, kuma kan tallafin takardun shaidar ƙwarewa na Hadaf, asusun gwamnati na bunƙasa ƙwarewar ma'aikata, nake wannan magana. Shirin abin yabo ne. Matashi ɗan ƙasa ya zaɓi ɗaya daga takardun da aka amince da su, irin PMP ta kula da ayyuka, ya yi horo, ya ci jarrabawa, asusu ya mayar masa da kuɗinsa. Tun da aka ƙaddamar da Manufar 2030, shirin gwamnati na sauya fasalin tattalin arziki, a shekarar 2016, da burin rage rashin aikin yi zuwa kashi 7 cikin ɗari, mun ga yaranmu da dama sun shiga ofis ta irin wannan ƙofa.

Sai dai tsarin yana cewa ka fara biya tukuna. Nan gizo ke saƙar. Horo da jarrabawa na iya cin dubban riyal, kuma yaron da ke yawo da mota yana kai wa mutane abinci tun daga La'asar har tsakar dare, kuɗin hannunsa na haya ne da cefanen uwarsa. Ko ya ci bashi wurin kawunsa, in ya faɗi jarrabawa a zaman farko ba abin da zai dawo masa, ga bashi a wuya. Shi ya sa a unguwanni irin su Rusaifa da Shara Mansur za ka ji samari sun san shirin sarai, amma sai su ce na masu hali ne. Ban ga laifinsu ba.

Roƙona, ranka ya daɗe, ga wanda aka tabbatar gidansu na karɓar tallafin marasa ƙarfi, asusu ya biya cibiyar horo kai tsaye, da sharaɗin halartar darasi. Rajistar waɗannan gidaje tana hannun ma'aikatarka, ba sai an nemo ta wani wuri ba. A kuma ɗauke masa kuɗin zama na biyu.

Akwai kuma yaran da aka haifa a nan, iyayensu ma a nan, amma iƙama, wato takardar zaman baƙi, suke riƙe da ita, shirin bai haɗa da su ba. Na san wannan ba a hannunka kaɗai yake ba, amma ina roƙo ka kai maganarsu majalisar ministoci.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Wani uba, daga Makka.