Ƙorafi Kan Tiyo da Mahaɗan Fetur da Kuka Haɗo Mini da Motar Haɗa-da-Kanka

Zuwa ga Manajan Sashen Kula da Abokan Ciniki,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa ne a bainar jama'a saboda sau biyu ina aiko muku da saƙon imel ba tare da wani ya duba abin da na faɗa ba, kuma maganar ta wuce ɓacin raina ni kaɗai, tunda ta shafi fetur ne da wuta. Na sayi motarku da ake sayarwa a wargaje mai saye ya haɗa da hannunsa, na kuma biya kuɗin ƙunshin kayan layin mai wanda kuka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwalinsa cewa na inji mai injekta ne. Da na zo haɗawa, sai na tarar kusan rabin abin da ke ciki kayan kafireta ne.

Injiniyoyinku sun fi ni sanin cewa kafireta ba ta buƙatar matsin mai da ya wuce psi 4 zuwa 7 (psi da bar ma'aunan matsi ne), alhali injin da kuka ba da shawarar a ɗora wa wannan mota yana aiki ne a kan bar 4, wato kimanin psi 58. Tiyon roban da kuka aiko mini, an buga lambar ajinsa, SAE J30R7, a jikinsa, wanda iyakar matsin aikinsa psi 50 ne a irin wannan kauri. Wanda ya dace da injekta shi ne J30R9, mai ɗaukar psi 100, kuma cikinsa yana da shimfiɗar da ke jure fetur mai gaurayen etanol. A ido duka biyun baƙaƙe ne, kaurinsu ɗaya, mai haɗa motarsa ta farko ba zai taɓa bambance su ba in ba ya karanta ƙananan haruffan da ke jikinsu ba. Ni ma ban karanta ba sai da abin ya faru, domin na amince da rubutun kwalinku.

Ranar da na fara murɗa makulli don famfo ya cika layi, tun inji bai tashi ba na ji warin fetur. Na haska tocila, sai ga ɗigo yana taruwa a bakin tiyo, daidai inda kilif ya kama shi, ya kumbura ya faɗo, wani ya biyo baya. Tsakanin wurin da bakin salansa bai kai taƙi ɗaya ba. Da na kwance, na ga kilif ɗin irin mai ramuka ne da ake ɗaurewa da sukundireba, kuma ramukan sun ci robar sun bar mata zane kamar haƙoran zarto. Layin injekta yana da nasa kilif mai sumul, mai naɗaɗɗen baki, wanda ke matse tiyo ta ko'ina ba tare da ya yanke shi ba. Da a ce injin ya yi zafi a wannan rana, da ba wasiƙar tiyo nake rubuto muku ba.

Bayan na sauya tiyo da kilif daga aljihuna, sai matsalar bututun da ke mayar da mai tanki ta fito fili, kuma a nan ne na fi ganin cewa babu wanda ya zauna ya yi lissafi kafin a haɗa wannan ƙunshi. Kun ba da bututun kai mai na inci 3/8, wato lamba 6 a tsarin mahaɗan da ake kira AN, wanda ba ni da ja a kansa, amma na mayarwa kuka ba da inci 1/4, tare da famfo wanda aka rubuta masa lita 255 a awa. Wataƙila tunanin shi ne abin da ke komawa kaɗan ne. Ba haka ba ne. Inji mai ƙarfin doki 300 ko an take shi ƙurmus bai cika shan fiye da lita 100 a awa ba, idan kuwa yana silo abin da yake sha bai taka kara ya karya ba, saboda haka kusan duk abin da famfo ya turo sai ya bi ta wannan siririn bututu ya koma tanki. Ramin bututun 3/8 ya ninka na 1/4 fiye da sau biyu a fili, kuma mahaɗin kusurwa da kuka sa a bakinsa ya ƙara tsuke hanyar. Gejina na matsin mai ya tsaya a bar 4.6, na yi ta kwance notin regileta, wato na'urar daidaita matsi, bai sauko ba, fulogai suka yi baƙi ƙirin, hayaƙi yana yaji a ido. Na cire bututunku na saka tiyo mai faɗi zuwa cikin jarka, nan take allurar ta sauka ta zauna a kan 4. Gwaji ne na minti 5 wanda ya kamata a ce an yi shi a masana'antarku.

Abu na uku ya fi su ɓoyuwa. Mahaɗan AN suna rufewa ne da karkatar baki mai digiri 37, na tsarin SAE kuwa digiri 45 ne. A lamba 6 tiredinsu ya bambanta, don haka ba sa shiga juna, amma a lamba 8 tiredin ɗaya ne, 3/4-16, noti zai shiga lafiya lau har ya ɗauru, bakunan kuwa ba su zauna a kan juna ba. Mahaɗin da kuka ba ni na fitar mai daga tanki zuwa famfo mai digiri 45 ne, tiyon da zai hau kansa kuma na AN ne. Na ɗaure da daddare babu alamar yoyo, da safe na tarar da kwalin da na shimfiɗa a ƙarƙashi ya jiƙe. Ƙara matsewa da sufana ba ya gyara irin wannan, sai dai ya lalata bakin alminiyom ɗin. Ban da yoyo, wannan ɓangare ne da famfo ke zuƙo mai, kuma ko ƙaramar kafa ce a wurin yana iya jan iska.

Littafin haɗawa da kuka bayar ya keɓe shafuka da yawa ga ɗaura kujeru da fitilu, amma layin mai sakin layi ɗaya tak ya samu, babu girman bututu, babu lambar tiyo, babu maganar cewa filta mai mikiron 100 (ma'aunin girman ramukan filta) ake sawa kafin famfo, mai mikiron 10 kuma bayansa.

Ina neman ku mayar mini da kuɗin wannan ƙunshi, amma abin da ya fi damuna shi ne sauran mutanen da suka sayi irinsa, waɗanda wasunsu sun riga sun hau titi da J30R7 a kusa da salansa ba su sani ba. Kuna da sunayensu a rajistarku. Ku rubuta musu, ku gaya musu lambar da za su duba a jikin tiyo, ku aika musu da tiyo da kilif da mahaɗin da suka dace, ku dakatar da sayar da ƙunshin har sai an sauya bututun mayarwa, sannan ku gyara littafin. Na adana duk kayan da na cire tare da hotunansu da lambar rasidina, kuma a shirye nake in aiko su ga injiniyanku idan kun ba ni adireshin da zan tura. Ina sauraron amsarku a rubuce cikin kwana 14.

Naku,
Abokin cinikinku mai haɗa motarsa da hannunsa