Ɗana ya daina jin daɗin karatu

Assalamu alaikum Hajiya, da fatan kina lafiya, ke da iyali.

Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a Agege, maigidana kuma yana sana'ar kayan gwari a kasuwar Mile 12. Damuwata a kan babban ɗanmu ce mai shekara 11, wanda yake aji 6 na firamare, yana shirin jarrabawar shiga sakandaren gwamnatin tarayya da hukumar NECO take shiryawa, domin burin mahaifinsa ya gan shi a King's College, ɗaya daga cikin irin waɗannan makarantu a nan Legas.

Tun da aka fara wannan shiri yaron bai ƙara samun sukuni ba. Daga sallar asuba sai boko, a tashi ƙarfe 2 a zarce da lesin har ƙarfe 4, ya ci abinci a tsaye ya wuce Islamiyya, bayan isha'i kuma ga aikin gida, Asabar da Lahadi ga hadda. A da yaro ne mai yawan tambaya, wanda zai tara gwangwanin madara da murafen kwalba ya ƙera danfo, wato motar hayar Legas, ya shafa masa rawayen fenti, yana lissafa kuɗin fasinja da canjinsu da ka babu kuskure. Yau wannan lissafin da yake yi yana dariya shi ne yake sa shi kuka. Shekaranjiya na tarar barci ya kwashe shi a kan littafi da biro a hannunsa, kuma kusan kowace safiya sai ya ce cikinsa yana ciwo, alhali likita ya duba bai ga komai ba.

Da na yi wa mahaifinsa magana, sai ya ce ilimi ba ya samuwa da wasa, shi ma da wuya ya yi karatun allo. Ban ga laifinsa ba, domin da guminsa yake biyan kuɗin makaranta. Sai dai zuciyata ta kasa natsuwa, musamman idan na tuna Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da mu sauƙaƙa kada mu tsananta, har ma ya taɓa tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa.

Hajiya, shin rage masa lesin domin ya samu lokacin wasa zai cutar da jarrabawar tasa? Kuma ta wace hanya zan fahimtar da mahaifinsa ba tare da ya ga kamar shagwaɓa yaron nake yi ba?

Wassalam, daga ƙanwarki a Agege, Legas.