Mun sa albarka a kan giyar leda, mun yi ƙorafi a kan suga

Assalamu alaikum, ya Edita.

Lokacin da hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta fara aiwatar da haramcin sayar da giyar leda da ta ƙananan kwalabe a farkon 2024, duk wanda ke majalisarmu sai sa albarka yake. Ni ma na sa. Abin da ake saya da kuɗin alewa, yaro ya cusa a aljihu, direba ya kurɓa a tasha kafin ya ɗauki fasinja, ba abin bari ba ne. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, yabon ya zo mana da sauƙi ne don yawancinmu ba ma sha.

Da zancen ya koma kan harajin lemon kwalba, naira 10 a kan kowace lita, wanda Dokar Kuɗi ta 2021 ta kawo, su dai mutanen nan ne suka ce gwamnati ta bi talaka har bakin kwalba. Ban ga laifinsu ba, rayuwa ta yi tsada. Sai dai kwalba ɗaya ta rabin lita tana iya ɗauke da suga sama da giram 50, wato iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya ishi babban mutum a yini guda. Ga shayin safe da madarar gwangwani, ga zoɓo, ga kunun aya. A gidan biki kuwa, wanda aka miƙa wa ruwa zalla gani yake an raina shi.

Mahaifiyata shekara takwas ke nan tana fama da ciwon suga. Ni nake sayen allurarta duk wata, ni nake wanke mata gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa. Naira 5 da ake ƙarawa a kwalba ba ta hana kowa sha, ba ta kuma rage mini ko kwabo a kantin magani.

Roƙona biyu ne. A ware kuɗin harajin nan don gwajin suga da hawan jini kyauta a ƙananan asibitoci, mutane su ga inda kuɗinsu ya tafi. Ku kuma ku ba likitoci fili su yi mana bayani da Hausa, da ma'aunin cokali da kofi, yadda tsohuwata za ta gane.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Zariya