Godiya ga masu shagon hayar littattafai na Sabon Garin Maradi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Alhaji, mai shagon sayarwa da hayar littattafai da ke Sabon Gari, da Hajiya mai riƙe da kundin shago, da samarin da ke tsaye a kanta safe da yamma. Gaisuwa mai yawa, da fatan an tashi lafiya.

Mu da muka haɗu muka rubuta wannan wasiƙa, a cikinmu akwai malaman lakwal, da malaman Islamiyya, da mai ɗinkin littafi, da matan aure waɗanda littattafanku ke iske su har ɗaka. Mun zaɓi mu yi godiyar a bainar jama'a domin aikin da kuke yi ya cancanci a kwaikwaya, a Tasawa ne ko a Madarumfa ko a Dakwaro. Aikin kuwa shi ne katin nan da kuke saƙalawa a bayan kowane littafi, wanda kuke tattara ra'ayin masu karatu da shi.

Ga wanda bai taɓa gani ba, kati ne na farin kwali, bai wuce tafin hannu ba, yana zaune cikin ɗan aljihun takarda da aka manna a cikin bangon baya. Lambar littafin na sama. Ƙarƙashinta tambayoyi huɗu: ka kai ƙarshe, in ba ka kai ba a shafi na nawa ka ajiye, wa ya dace ya karanta, me ya fi tsaya maka a rai, yaya lafiyar kwafin da ka riƙa. Ba a sa suna, sai dai namiji ko mace, da sana'a. Ran Alhamis Hajiya ta kwashe katunan mako cikin kundin shago, wato kaye mai shafi 200, kowane littafi da shafinsa, ra'ayi da shuɗin bik, matsalar kwafi da ja. Wanda ya zo haya sai a buɗe masa shafin ya duba kafin ya fitar da dala gomarsa.

Tambayar farko ita ce ta fi burge mu, kuma a nan muka gane mai abin ya san mutanensa. Bahaushe yana da kara. In ka ce masa yaya littafi, amsar da za ka samu ita ce ya yi daɗi, Allah ya ƙara basira, ko da kuwa a shafi na ashirin barci ya kwashe shi. Amma faɗin lambar shafi ba ya sa kowa jin nauyi. Idan mutum huɗu ko biyar suka ajiye littafi a wuri ɗaya, to cikin biyu akwai ɗaya: ko labarin ne ya yi sanyi a wurin, ko kwafin ne ya samu naƙasa. Tambaya ta huɗu ce ke raba gardamar. Ƙananan littattafan Kano da waya biyu ake ɗinke su a tsakiya, kowace takarda ɗauke da shafi huɗu. In wayar ta sha raɓar damina ta yi tsatsa, takardar tsakiya ce ke fara ficewa, shafi huɗu a jere su tafi. In kuma a maɗaba'a aka tsallake takarda ɗaya, sai a rasa shafi biyu a gaba, biyu a baya, mai karatu ya yi ta zargin marubuciya da tsallake zance alhali laifin mai haɗa takarda ne. Marubuta da yawa sun sha suka a bakin mutane kan wannan, ku kuma kun raba musu laifin da ba nasu ba.

Littattafan soyayya da na zaman aure, waɗanda suka fara bunƙasa a Kano tun tsakiyar shekarun 1980, su ne suka fi fita, kuma mafi yawan masu karanta su mata ne da ba sa zuwa shago, yaro ake aikowa. Katin yana bin littafi ya shiga gida, ya kwana uku, ya dawo wani lokaci da ɗigon man miya a gefe da rubutu ƙanana har bayansa. Ta haka ne muryar waɗanda suka fi kowa karatu a garin nan ta samu shiga kundi. Dokoki ukun da kuka sa a wannan sashe duk suna da dalili. Wadda ta tona ƙarshen labari, ba a kwafe wannan layin, saboda da zarar an san wa ya auri wa, hayar littafin ta mutu. Kati ɗaya ga haya ɗaya, don kada ƙawayen marubuciya su cika shafi da yabo, ko masu jin haushinta su cika shi da zagi. Sannan ba ku cewa littafi ya karɓu ko ya faɗi sai kati biyar sun taru. Kun kuma rubuta a saman shafi ko labarin kashi nawa ne, da waɗanda ke hannu. Wanda ya taɓa karanta na ɗaya da na biyu ya rasa na uku ya san amfanin wannan. Amsar tambaya ta biyu kuwa ta sauƙaƙa wa iyaye mata, domin a nan ake ganin wanda aka ce na matan aure ne, kada a miƙa wa budurwa.

Shafukan tarihi su suka fi zafi. Mu nan zuriyar Katsinawan da suka baro Birnin Katsina ne bayan faɗuwarsa a hannun masu jihadi a 1807, suka kafu a Maradi ƙarƙashin Ɗan Kasawa, ga Gobirawa maƙwabta a Tsibiri. Littafin da aka rubuta da idon Sakkwato yana ba da labarin yaƙe-yaƙen nan ta fuska ɗaya, wanda aka ɗebo daga takardun Turawan Faransa yana ba da shi ta wata, abin da dattawa suka ji daga kakanni kuma daban. Da kun bar masu karatu su yi ta cewa ƙarya ne, gaskiya ne, da kundin ya zama filin faɗa. Sai kuka ƙara layi guda a katin tarihi: daga wane ɓangare marubucin ya tsaya, kuma daga ina ya ɗebo labarinsa. Wannan layi ya koya wa ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ƴan lise abin da malami kan yi wata yana nanatawa a aji. A ganinmu mai karatun da ya rubuta cewa littafi ya ambaci ambaliyar Gulbi ta 1945 amma bai bayyana yadda gari ya koma kan tudu ba, ya yi wa na bayansa hidimar da ta fi yabo shafi guda.

A littattafan noma da kiwo, ra'ayin mai karatu kan hana asara kai tsaye. Da yawa an rubuta su ne don ƙasar Zariya ko Kano, inda damina ta fi tamu tsawo. Lokacin shukar da ke ciki ba namu ba ne, irin da aka yaba yana iya rasa ruwan da zai nuna da shi a jigawar Mayahi, awon kuma da mudu da eka da naira ne, mu kuwa da tiya da hekta da sefa muke lissafi. Manoman da ke haya a wurinku suna rubuta wannan a kati, ku kuma kun manna takardar juya awo a cikin bangon gaba, kun ƙara da cewa zancen iri a tambayi ma'aikatan binciken noma na Tarna. Haka littafin ajiyar wake a buhu mai ninki uku: masu karatu ne suka ja hankali cewa in waken bai bushe sosai ba, ko aka ɗaure ledojin biyu na ciki da igiya ɗaya maimakon kowace da tata, ko ɓera ya huda, iska za ta shiga, ƙwari su ci gaba da ɓarna. Masu kiwon jar akuyar Maradi ma suna da shafinsu.

Sashen addini kun bi shi da hankali, kuma mun yaba. Ba a yanke hukunci a kati, wannan aikin malamai ne. Abin da ake rubutawa shi ne ko bugun yana da wasali, ko baƙaƙen sun isa idon dattijo, ko fassarar Hausar da boko take ko da ajami, ko Alƙur'anin riwayar Warshu ne ko Hafsu. Uban da zai saya wa ɗansa na makarantar allo yana buƙatar sanin wannan na ƙarshe kafin ya biya. Na jarrabawar BEPC da BAC kuwa jan bik ya fi yawa a shafinsu, domin ɗalibai na nuna inda amsar lissafi ta fito ba daidai ba, da wanda tsarin karatu ya riga ya wuce shi.

Tun da dokar ƙasa ta watan Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, iyaye sun ƙara neman littattafan yara na Hausa. Malaman ƙananan azuzuwa na rubuta muku wanda ya bi ƙa'idar rubutun Nijar ta 1999 da wanda ya bi ta Najeriya, don yaron da ke koyon haɗa baƙi kada ya ga harafi iri biyu ya rikice.

Kundin nan shi ne ke yi muku jagora in za ku sari. Kaya na tasowa daga Kano, su bi Katsina da Jibiya su shigo ta Ɗan Isa, ga kuɗin mota, ga canjin naira da sefa da ba ya zama wuri ɗaya. Lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 sabon littafi ya yi wuya, sai kuka koma kan na hannu: aka cire wayoyin da suka yi tsatsa, aka huda gindin littafi wuri uku aka ɗinke da zare, aka yi masa riga da takardar buhun siminti, aka ɗaga kantoci daga ƙasa da bango saboda gara. Jan rubutun kundi ne ya nuna wanda za a fara gyarawa.

Muna da roƙo guda biyu, Alhaji. Kundin kwafi ɗaya ne tak, gara da ɗigon rufi kuma ba sa sallama. A riƙa ɗaukar hoton shafukan da waya duk ƙarshen wata, a ajiye a wuri biyu. Sannan a buga wasu katunan da ajami, domin akwai dattawa da almajirai masu karatu sosai waɗanda ke mayar da kati fari fat, ba don rashin abin faɗa ba sai don tambayoyin da boko suke. Mutum biyu daga cikinmu sun ɗauki nauyin rubuta su da kwashe amsoshin, kyauta, duk ranar Alhamis bayan la'asar.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya ƙara wa Hajiya lafiyar ido, ya raya yaran shago.

Wassalam.

Daga masu hayar littattafanku na unguwannin Sabon Gari, Zariya, Bagalam da Mokoyo, Maradi.