Wahalar samun gidan haya ga baƙo a Jamus

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili domin in ja hankalin masu shirin zuwa Jamus karatu ko aiki game da muhalli. Da na sauka Berlin, duk mai gidan da na tuntuɓa sai ya nemi takardar SCHUFA, mai nuna tarihin biyan bashin mutum, alhali baƙon da ya iso jiya ba shi da wani tarihi. Doka kuma ta wajabta rajistar adireshi cikin kwana 14 da tarewa, da sa hannun mai gida, kuɗin ajiya kuwa yakan kai hayar wata 3. Ranar duba wani ɗaki, na tarar da layi har matakala, kowa rungume da takardunsa.

Wassalam,
Mai karatu daga Berlin